Gwiwar Amos Tillery

Mama Verlene Pettway ba ta san kan ƙwallon nan da ake jefawa da hannu ba sai da ta haura shekara saba'in, kuma ɗanta ne ya jawo. Ɗan nata, Royce, shi ke gabatar da shirin safe a gidan rediyon wasanni na birnin Marlow. A can ba wanda ya san shi da Pettway. Tun yana saurayi ya ajiye sunan ubansa ya laƙaba wa kansa Guduma, wai ya fi shiga kunne, kuma da shi direbobin tirela da masu gyaran rufi suka san shi. Kullum da safe takan kunna rediyo a kicin tana dafa kofi. Wanda ya ci da wanda aka ci bai dame ta ba. So take ta ji muryarsa ta gane ko yana da mura, tunda shi ba ya kiran waya sai ranar da ya ga dama.

A kakar wasan da abin ya faru, Masunta, ƙungiyar birnin, suka rasa mai jefa musu ƙwallo tun da wuri. Wani ƙato ne ya danne shi ya karya masa kafaɗa. Mai jefa kuwa shi ne komai na ƙungiya: daga hannunsa kowane hari ke fita, shi ake ɗagawa sama in an ci, shi ake zagi har kakanninsa in an sha kashi. Koci ya waiga benci ya ga wani dogon yaro ɗan wani ƙauye a jihar Mississippi, Amos Tillery, wanda ya daɗe a zaune har mutane sun manta ana biyansa albashi. Ya ce masa ya sa hular kwano ya shiga.

Amos yana da wata al'ada. Kafin a take wasa yakan koma gefen fili ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ya sunkuyar da kai na ɗan lokaci. In an tashi, ko an ci ko an sha kashi, ya sake yi. Tun yana firamare haka yake, ba wanda ya taɓa kulawa, domin ba mai haska kyamara a kan ɗan benci. Yanzu kuwa an haska.

"Jama'ar Marlow, albishirinku," in ji Guduma ranar Litinin. "Mun nemi mai jefa ƙwallo, an kawo mana fasto. Kun gan shi jiya? Ƙwallo na hannunsa, ƙattai na tahowa, shi yana tsaye yana jiran a yi masa wahayi. Kuma ku lura da inda yake durƙusawa, daidai saitin kyamara. Mai son Allah da gaske a ɗakinsa yake addu'a, ya rufe ƙofa. Wannan talla ce kawai, na rantse muku."

Mama Verlene ta ajiye cokali. Ita ta san yaron. Ya yi watanni yana zuwa ƙaramin cocinsu na bayan tashar jirgin ƙasa, inda kowace Laraba matan coci ke dafa abinci su raba wa masu kwana a ƙarƙashin gada. Ta ƙofar baya yake shigowa, ya naɗe hannun riga ya hau wankin tukwane, ba ka jin bakinsa sai "to, Mama". Ita ta ɗauka ma direban motar haya ne, sai da ta gan shi a talabijin.

Ta ɗauko tabarau, ta danna lambar da ɗanta ke maimaitawa kullum. Wani yaro mai suna Kip, wanda ke tace masu kira kafin a haɗa su da Guduma, ya tambayi sunanta. Ta kalli kwalin sabulun da ke kan tebur, ta karanta sunan da ke jikinsa, ta ce, "Loretta, daga Unguwar Gada."

"Muna tare da Loretta daga Unguwar Gada," in ji Guduma. "Loretta, ga ki ga Guduma, sauke abin da ke ranki."

"Ina kwana, ɗan nan."

Ta ji ƙarar kujerarsa, ta san ya gyara zama.

"Lafiya lau, eh, Goggo," ya ce da wata siririyar murya.

"Tambaya ce da ni. Ku a gidanku ba a addu'a ne?"

"Ana yi, Goggo. Amma a gida ake yi."

"To madalla. Domin na san wani yaro a unguwarmu, da can, da ya zube a tsakiyar kantin takalma, gwiwa biyu ba ɗaya ba, yana kuka yana kiran sunan Yesu sai an saya masa jan takalmi. Mutane har leƙowa suke daga titi. Shi dai ba a gida ya yi tasa ba."

Kip ya kasa haƙuri, ya sako baki. "Goggo, an amsa addu'ar tasa?"

"An amsa, ɗan nan. Ya samu wani abu mai zafi, amma ba takalmin ba ne."

Guduma ya ce lokacin talla ya yi. Kafin tallar ta ƙare wayar kicin ta yi ƙara.

"Mama! Me kike nema da ni?"

"Af, ashe wayarka na aiki."

"Aikina ne fa wannan. Kada ki ƙara."

"Wa ya kira ka? Wata Loretta ce na ji. Muryarka a toshe take, ka sha zuma da lemun tsami."

Royce ya so ya sa a daina ɗaukar kiranta, amma bai isa ba. Masu sauraro sun yi ta kira suna tambayar ina Goggo Loretta, manajan tashar kuma ya ce duk ranar da ta kira a tsallake kowa a sa ta. Guduma ba zai iya faɗin dalilin da ya sa ba ya so ba. Haka ta zama 'yar gida a shirin, kowace Litinin tana fitowa da sabon labarin wani yaron unguwarsu wanda ba ta taɓa faɗin sunansa ba.

Ana cikin haka sai Masunta suka fara ci. Wasannin ba su da kyan kallo. Amos yakan ɓata kashi uku cikin huɗu na wasa yana jefa ƙwallo inda ba kowa, sai a ƙarshe, da kyar da jiɓin goshi, ya lallaɓo ya ci. Ya yi sau ɗaya aka ce sa'a ce. Ya yi ta yi, Marlow ta haukace. Riga mai lamba tara, lambarsa, ta ƙare a kantuna. Mutane suka shiga durƙusawa da gwiwa ɗaya a ko'ina ana ɗaukarsu hoto, a gidan mai, a wurin biki, a gaban injin cire kuɗi. Manyan tashoshin talabijin na birane suka turo motocinsu. Wasu suka ce Allah ne ya aiko shi ya kunyata marasa imani, wasu suka ce munafuki ne da ke fakewa da addini don hannunsa ba ƙarfi. Cikinsu ba wanda ya tambaye shi me yake faɗa in ya durƙusa.

A cikin masu kiran shirin Guduma akwai wani Dale mai gyaran famfo, wanda rabonsa da coci tun ranar aurensa na biyu. Shi ya fi kowa zaƙewa. "Guduma, ka ji tsoron Allah," yakan ce. "Yaron nan waliyyi ne. Ya sa mini hannu a rigata, tun daga ranar ciwon bayana ya tafi." Guduma kuwa ya kafe a kan cewa masu tsaron baya ne ke cin wasa, fasto yana karɓar yabo.

Wata Laraba Mama Verlene ta tarar da Amos a gaban wurin wanke-wanke, ruwa na zuba, shi ya zuba wa tukunya ido bai taɓa ta ba.

"Ɗana, tukunyar ba za ta wanke kanta ba. Me ya faru?"

Ya kashe famfo. "Mama, na gaji. Jiya wata mata ta miƙo mini jariri wai in shafa masa kai. Wani ya kawo takardar caca in hura mata. Shekaranjiya a banɗakin gidan abinci wani ya durƙusa kusa da ni, abokinsa na ɗaukar hoto. A banɗaki fa, Mama."

Ta danne dariya. "To kai me kake roƙo in ka durƙusa? Ka ci wasa?"

"Ni? Ai waɗancan ma suna da uwaye masu yi musu addu'a. Cewa nake Allah Ya sa kowa ya fita da ƙafarsa, ni da su. In an tashi in yi godiya. Shi ke nan. Amma yanzu ina sa gwiwa ƙasa sai in ji ƙarar kyamarori, in manta abin da zan ce."

A nan ne wani tunani ya faɗo mata, irin wanda ya kamata mace mai shekarunta ta kora. Ba ta kore shi ba. Ta san ɗanta kamar tafin hannunta, kuma ta daɗe tana son ta kama shi dumu-dumu.

"Gwiwar taka ce ko tasu?" ta ce. "Ka yi addu'arka a ciki kafin ka fito. Ka gwada Lahadi ɗaya, mu ji abin da ɗan rediyon nan zai ce. Ai shi ya ce a ɗaki ake yi."

Amos ya kalle ta ta gefen ido. "Mama, muryarki fa tana kama da ta wata Goggo Loretta."

"Mutane da yawa suna kama. Ga tukunyar wake can, ta kama a gindi."

Ranar Lahadi filin ya cika ya batse. Masu kyamara suka jeru a gefen da Amos ya saba durƙusawa, har suna ture juna. Ya fito da gudu, ya wuce su, ya ɗauki ƙwallo ya fara motsa hannu. Mama Verlene na gaban talabijin ɗinta da kofin shayi mai ƙanƙara, tana ƙyaƙyata dariya ita kaɗai tana kallon masu kyamara suna waige-waige. Dariyar ba ta kai ƙarshen wasa ba. Abokan hamayya suka yi ta cafke ƙwallon da Amos ya jefa, suka yi wa Masunta dukan kawo wuƙa. Da aka tashi ya gaisa da kowa ya shige ciki a tsaye.

Da safe Guduma ya buɗe shiri da muryar mai ta'aziyya. "Jama'a, abin da na ji tsoro ya faru. Suna ya shiga kan yaron nan. Da yana benci ya san Allah. Yanzu da aka fara buga hotonsa, gwiwarsa ta yi tsada, ba za ta taɓa ƙasa ba. Girman kai ne, kuma kun ga sakamakonsa."

Dale mai gyaran famfo ne ya fara kira, yana huci. "Ya ci amanarmu, Guduma! Wa ya ba shi izinin dainawa? Ni ko wandon da nake kallon wasa da shi ban wanke ba tun da muka fara ci. Kowa na yin nasa, shi ya ƙi yin nasa. Bayana ma ya dawo da ciwo!"

Mama Verlene ta bari aka yi ta zuba, sannan ta ɗauki waya.

"Goggo Loretta," in ji Guduma, "yau kam ba ki da abin cewa."

"Ɗan ƙarami ne. A farkon kaka, wa na ji yana cewa mai son Allah da gaske a ɗakinsa yake addu'a, ya rufe ƙofa?"

"Goggo, ina magana da yawa, ba zan tuna komai ba."

Kip, wanda ya daɗe yana jiran irin wannan rana, ya danna wani maɓalli. Sai ga muryar Guduma ta farkon kaka ta cika rediyo, tana rantsuwa cewa durƙuson talla ce.

"Wancan daban, wannan daban," in ji Guduma da sauri.

"In ya durƙusa talla ce, in ya tsaya girman kai ne. To ya kwanta ne, ɗan nan? Ko ya yi tsallen kwaɗo? Ka faɗa mana wanda zai yi maka, in kai masa saƙo."

"Goggo, da girmanki, ba ki san ƙwallo ba, ba ki san rediyo ba, ni ma ba ki san ni ba."

Ba ta yi niyyar faɗa ba. Bakinta ne ya riga ta.

"Ban san ka ba? Royce Elwood Pettway! Ni da na yi naƙudarka tun safe har dare, ka fito kana tsala ihu, har yau ba ka yi shiru ba? Ni ce ban san ka ba?"

Aka ji wani abu ya faɗi a ɗakin watsa shiri. Kip ne ya zame daga kan kujera.

"Mama," in ji Guduma a hankali, a gaban duk birnin Marlow.

"Na'am. Kuma jan takalmin nan ban yi nadamar hana ka ba."

Kwana biyu ba a yi wata magana a Marlow ba sai wannan. Ko'ina Guduma ya shiga sai a ce "Elwood, ina takalmi?" Matan coci suka yi wa Mama Verlene tafi ranar Laraba. Ita ma ta ji daɗi, ba za ta ɓoye ba. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, mutane za su iya yi wa ɗanta dariya kuma su ci gaba da zagin Amos a lokaci guda.

Masunta suka sake shan kashi, suka kuma sakewa. 'Yan kallo suka fara zuwa da kwalaye an rubuta DURƘUSA da manyan baƙaƙe. In Amos ya fito sai fili ya ɗauki ihu, ana jifansa da kofunan giya. Wani ya je ya juye masa ruɓaɓɓen kifi a ƙofar gida. Tashoshin da suka ce Allah ne ya aiko shi suka koma cewa ya ji tsoron masu sukar addini ya ja da baya. Waɗanda suka ce munafuki ne suka ce ai ga shi, da ma sun faɗa. Abin ya tsaya wa Mama Verlene a rai, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Royce ya zo gidan wata Asabar da rana, fuska a murtuke, wai ya zo duba mata injin ɗumama ɗaki. Ta zuba masa soyayyen kifi da burodin masara da kuɓewa. Ya ci, ya ƙara.

"Me yaron nan ya yi maka?" ta tambaye shi.

"Ba abin da ya yi mini. Ina ma jin yaron kirki ne."

"To?"

"Mama, tun asuba har hantsi nake magana, kullum. In na ce yaron kirki ne, hannunsa matsakaici, wani lokaci zai ci wani lokaci a ci shi, wa zai kira? Da me zan cika sauran lokacin?"

"Ka cika da gaskiya."

"Gaskiyar ai na faɗe ta yanzu. Ko kifin nan bai huce ba na gama." Ya goge baki. "Kuma ke ma fa kin taya. Tun da kika tona ni masu sauraro suka ninka. Manaja ma cewa ya yi in tambaye ki ko za ki riƙa zuwa tashar."

Ta ɗauke kwanon kifin daga gabansa ta mayar kicin.

Ranar Laraba ta samu Amos a inda ya saba. Ta tsaya a bayansa tana murɗa tsumma.

"Ɗana, ni na jefa ka a wannan. Ba don kai na ba ka shawarar nan ba, so nake in kama wancan mai bakin. Ka yafe mini. Ka koma ka durƙusa ko sa sarara maka."

Ya juyo yana murmushi, kumfa har gwiwar hannu. "Mama, da ma neman wanda zai ce in daina nake. Addu'ata ina yin ta, a lungun da muke ajiye takalma, ba mai damuna. In na fita na durƙusa yanzu, ai su na durƙusa wa."

"Amma ana cinku."

"Ana cinmu ne don ina daɗewa da ƙwallo a hannu. Sun gane, suna turo mini ƙattai ta hagu. Ɗanki ya faɗa tun ranar farko. A cikin duk surutunsa wannan ce ta gaskiya, kuma koci ma haka ya ce." Ya miƙo mata murfin tukunya. "Ki gaishe mini da Elwood."

Kaka ta ƙare Masunta ba su kai ko'ina ba. Ƙungiya ta sallami Amos cikin sanyin Janairu. Ya zo ya yi wa matan coci sallama, ya ɗora kayansa a tsohuwar motarsa ya nufi Mississippi. A makon ne magoya baya, Dale a gaba, suka sanar cewa ranar Asabar da hantsi za a taru a wurin ajiye motoci na filin wasa a ƙona duk wata riga mai lamba tara. Tashar ta ce Guduma zai watsa abin kai tsaye.

Mama Verlene ta kira matan coci. Ranar Juma'a tun safe suke gasa kek ɗin dankali mai zaƙi, har ƙamshi ya cika unguwar tasha. Asabar da hantsi, ana cikin hura wuta a wani durom, motar coci ta shigo ta tsaya a tsakiyar taron. Tsofaffin mata suka fito cikin hulunan Lahadi, suka kafa tebur, suka jera faranti. Maza ne cike da wurin, yawancinsu ba su karya ba sai giya, ga sanyi yana ratsa ƙashi. Hanci ya fara juyawa daga durom zuwa tebur.

Mama Verlene ta je ta karɓe makirufo daga hannun ɗanta kamar tana karɓe almakashi daga hannun yaro.

"'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Rigar nan yadin roba ce. In kuka ƙona ta, hayaƙin a huhunku zai zauna, shi yaron yana can gidan uwarsa yana cin kaza. Ku kawo ta nan. Kowace riga yanka ɗaya na kek, mai zafi. Na yi muku alkawari ba za ku ƙara ganinta a filin wasan nan ba."

"Me za ki yi da su, Goggo?" wani ya tambaya.

"Zan kai su inda ko kare ba ya son kwana."

Aka yi shewa. Wannan hukunci ya yi musu. Dale ne ya fara zuwa, ya jefa rigarsa mai sa hannun Amos a kan tebur kamar ya jefar da mataccen ɓera, ya karɓi yankansa, ya tambaya ko hular lamba tara ma tana da rabin yanka. Layi ya miƙe har bakin titi. Wutar durom ta ci itacenta ta mutu ba ta ga riga ko ɗaya ba. Guduma ya rasa abin da zai watsa sai ƙarar tauna. Da aka watse ta nuna masa buhunan da suka cika.

"Elwood, ɗauko. Bayana ba ya son nauyi."

Shi ya loda su, shi ya tuƙa motar cocin zuwa ƙarƙashin gada, yana gunaguni har suka isa. Rigunan manya ne, an ɗinka su don a ɗora a kan rigar sanyi, kowa ya samu biyu ko uku. Kafin yamma duk mai kwana a wurin ya zama lamba tara. Royce ya tsaya yana kallonsu sun kewaye garwashi, maza da mata, TILLERY a bayan kowa. Sai ya koma mota ya kunna mata abin ɗumama.

Amos bai daɗe a gida ba. Wata ƙungiya a can arewa, inda dusar ƙanƙara ke rufe fili, ta ɗauke shi zaman benci. Kocinsu ya sa masa agogo a atisaye har ya koyi sakin ƙwallo da wuri. Kaka na zagayowa ya samu shiga, ya yi ta ci, har ya zo Marlow ya lallasa Masunta a gidansu. Wani lokaci yakan durƙusa, wani lokaci ba ya yi, mutanen can kuma sanyi bai bar su sun kula ba. A Marlow kuwa sai ga shi kowa ya tuna cewa shi tun farko bai goyi bayan korar yaron ba. Guduma ya shafe mako guda yana tambayar wane mara hankali ne ya saki irin wannan ɗan wasa.

Wata Laraba Dale mai gyaran famfo ya leƙo kicin ɗin coci, sanye da sabuwar rigar fata mai gashi a wuya, yana murza hula a hannu.

"Mama, sannu da aiki. Wato rigata ce, wadda ya sa wa hannu. Kuskure aka yi ranar nan. Ko tana nan?"

"Kek ɗin nawa yana nan?"

Ya yi dariyar yaƙe. "Haba Mama."

"Ba ta hannuna, ɗan nan. Tana jikin wani dattijo, Cephas, a ƙarƙashin gada, wajen ginshiƙin da ke kusa da ruwa. Je ka roƙe shi. Amma ka yi sallama, gidansa ne."

Dale ya tafi. Ya daɗe bai dawo ba, har an fara zuba abinci. Can sai ga shi yana tahowa da sauri, hannaye a hammata, haƙora na kaɗawa. Rigar lamba tara ce a jikinsa, ta koɗe, ta yi ƙaurin hayaƙi, sa hannun ya kusa gogewa. Rigar fatar babu.

"Dattijon nan ɗan kasuwa ne," ya ce. "Har safar hannuna ya so karɓa."

Mama Verlene ta duba shi sama da ƙasa, ta ce rigar ta yi masa kyau. Ta jawo masa kujera kusa da murhu, ta zuba masa wake mai zafi a kwano, ta ce ya ci kafin ya kama hanya.